Lambun Baba Direba

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan motar dakon kaya, kuma in za a tattara kwanakin da ya yi a gidansa cikin waɗannan shekaru, da ƙyar su cika shekara biyar. Shi ya gina gidan, ɗaki uku da tsakar gida mai faɗi, amma matarsa ce ta san inda rufi yake yoyo, ta san ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Shi nasa ya iso da tsaraba, ya yi barcin gajiya kwana biyu, ya sake kama hanya.

Wata bakwai da ajiye aikinsa matar ta rasu. 'Ya'yansa maza biyu suna aiki a wata ƙasa, autar kuma tana aure a gari mai nisa. Da masu gaisuwa suka watse, sai ya tsinci kansa kamar baƙon da masu gida suka fita suka bari. Ko ashana sai da ya buɗe durowa huɗu kafin ya same ta.

Likita ne ya ce jininsa ya hau, ya riƙa motsa jiki, ya yawaita cin ganye. Da ya gaya wa auta a waya, ta ce cikin wasa ai ga fili nan a gida yana zaman banza, ya zama manomi mana. Ita ta manta da maganar, shi kuwa ya riƙe.

Yadda ya saba cin hanya haka ya shiga aikin, babu tsayawa. Ya sayo fartanya da shebur, ya kafce tsakar gidan kaf cikin kwana uku, har bayansa ya riƙe. Ya sayo iri kala takwas a 'yan takardu, ya binne su da zurfi don kada tsuntsaye su tone, ya zuba musu ɗanyen kashin kaji, yana kwarara ruwa da tsakar rana saboda a ganinsa lokacin ne suka fi jin ƙishi. Bayan sati uku ciyawa ce ta yi kyau. 'Yan tsiron da suka leƙo suka yi rawaya, suka kwanta.

A hanyarsa ta zuwa sayen magani akwai wata tsohuwa da ke sayar da dashe a gindin gada, ta jera su cikin gwangwanayen madara da ledojin da aka yanke. Ya daɗe tsaye a kanta, har ta tambaye shi ko saye zai yi ko ƙirga mata yake yi. Bai yi niyya ba, amma sai ya ji kansa yana ba ta labarin komai. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta tambayi sana'arsa.

"To, Direba," in ji ta, "ranar da ka fara koyo, babbar mota aka miƙa maka?"

Ya ce a'a, shekara biyu ya yi yana wanke taya.

"Fili kamar tabarma biyu. Kar ka ƙara ko taku ɗaya."

Ranar ba ta sayar masa da komai ba. Ta ce ya koma ya wuni yana kallon rana, ya ga inda ta fi daɗewa a gidan, domin tumatir ba ya son inuwa. Taki kuma sai wanda ya kwana biyu ya huce, ya yi baƙi, ya daina wari. Ƙananan iri ba a binne su, yayyafa musu ƙasa ake yi kamar gishiri. Ruwa da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba, kuma kafin ya zuba ya tura yatsa cikin ƙasar ya ji ko da sauran laima.

Washegari ya ɗauko kujera ya zauna a tsakar gida tun fitowar rana. Bai taɓa yin wuni guda yana kallon gidan nan ba. Ya ga inda ƙafafun kujerar matarsa suka lotsa ƙasa kusa da ƙofar kicin, ya gane ashe inuwa take bi. Ya ga igiyar shanya ta tsinke an ɗaure ta da tsumman wata tsohuwar rigarsa. Rana ta fi zama a jikin katangar baya, kusa da famfo. Nan ya buga turaku huɗu.

Da ya koma gindin gada, tsohuwar ta ba shi dashen tumatir shida da irin alayyahu cikin ƙullin takarda. Daga nan duk Asabar yana gindin gada. Wata ran da tambaya ta gaske, wata ran kuwa a hanya yake ƙirƙirarta. Takan tura masa bokiti ya kife ya zauna, tana cika gwangwani da ƙasa tana yi masa faɗa. In ya dawo gida, muryarta kaɗai ce ke cikin kunnensa har wata Asabar ɗin.

Da alayyahun ya fito ya yi cunkus, ta ce ya tsuge fiye da rabi, ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsu. Sati biyu ya kasa. Duk wanda ya kama, sai ya ga ai shi ma ya yi ƙoƙari ya fito.

"Iya, laifin me suka yi?"

"Ba su yi ba. Amma in ka ji tausayinsu duka, duka za ka rasa."

Ya tsuge, yana kau da kai.

A sati na shida ya yi yankan farko. Ya zaɓi mafi kyau, ya wanke, ya ɗaure da igiya, ya sa riga mai tsabta. Da ya isa gindin gada babu gwangwani ko ɗaya, sai zagayen tsatsar da suka bari a kan siminti. Wani mai facin taya da ke gefe ya ce ƙafafun tsohuwar ne suka kumbura, 'yarta ta zo da mota ta tafi da ita tun Talata. Ina? Bai sani ba. A nan Baba Direba ya tuna bai taɓa tambayar sunanta ba, balle unguwarsu.

Ya dawo da ganyen yana yaushi a hannunsa. Ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya. Ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa, ya yi sallama, matar gidan ta leƙo ta tambaye shi wa yake nema. Ya ce shi ne na gidan nan na kusa. Kunya ta kama ta, ta riƙa ba shi haƙuri tana yabon marigayiya, ta karɓa da hannu biyu. Ta jira kaɗan, sannan ta rufe ƙofa a hankali.

Bayan kwana goma ganyen tumatir ya fara yin ɗigo-ɗigon baƙi daga ƙasa. Ya tsuguna ya daɗe yana jujjuya ganyen, babu wanda zai tambaya. Ya kira auta, ta ce tana kan hanyar ɗauko yara, za ta kira shi anjima. Sai ya yi abin da ya ga zai iya: ya cire ganyen da suka kamu ya kai su bola, ya rage ruwa, ya kafa wa kowanne sanda ya ɗaure shi ya tashi daga ƙasa.

Biyu suka mutu. Huɗu suka yi fure, suka yi 'ya'ya, ƙanana amma jajaye. Har yau bai san wanne daga cikin abubuwan da ya yi ne ya cece su ba.