Ilu Ya Jira Gyara Ya Taru

Ilu Maidaji yana da shekara hamsin da bakwai, dillalin kaya ne a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma har watan jiya yana da mota. Ɗan Fagge ne. Sana'arsa haɗa kaya: wannan ya sayi takalma a kasuwar Zhanxi Lu, wancan ya sayi jakunkuna, Ilu ya tara su a sito har kwantena ta cika, a biya kuɗin jirgi sau ɗaya. A wajensa, wanda ya tura kaya kwantena ba ta cika ba, bai san ciwon kuɗinsa ba.

Motar ƙaramar bas ce, ta hannu. Da ita yake ɗauko baƙi daga masaukansu a unguwar Dengfeng ya kai su kasuwa, kuma wanda ya ɗauki baƙo a mota shi baƙon yake ba kayansa. Da garantin motar ya ƙare, sai ya sayi ƙarin garanti a wajen wani kamfani. Ba su ɓoye masa komai ba. In abu ya lalace su za su biya, amma duk ranar da motar ta shiga gareji, shi zai fara ajiye yuwan dubu, kuɗin Sin, daga aljihunsa, ko gyara ɗaya ne ko biyar. Abin da ya haura haka nasu ne.

Karon farko gilashin ƙofa ne ya ƙi tashi. Kuɗin gyaran da kaɗan ya wuce dubun. Ilu ya dawo yana huci, ya ce ya gane kan abin: gyara ma tara shi ake yi.

Na'urar sanyaya ta mutu, ya bar ta. Lagireto ya fara yoyo, ya riƙa ɗura ruwa kowace safiya. Abokinsa Abdulrasheed, mai shagon waya, ya ga laima a ƙarƙashin motar.

"Alhaji, motar nan fa fitsari take yi."

"Na gani. Jira nake abin ya taru."

"Au, ita ma kwantenar ce? To Allah ya cika ta lafiya."

A kan titin Huanshi Lu motar ta tsaya, da zafin rana, ɗauke da 'yan kasuwar Maraɗi. Hayaƙi ya turnuƙe, injin ya buga. Baƙin suka sauka suka tare tasi.

Mai garejin ya leƙa, ya shafa tsatsar da ruwa ya bari, ya girgiza kai.

Ilu ya ce, "Lauban, garanti," yana kiransa maigida da Sinanci.

"Meyo," in ji mutumin. Babu.

Kamfanin ya ce yoyon ya daɗe, kuma ba sa biyan ɓarnar da ta biyo bayan tuƙa mota da ciwo a jikinta. Lagireto da na'urar sanyaya za su gyara, bayan ya ajiye dubunsa. Injin kuwa nasa ne, kuma kuɗinsa ya kusa kuɗin motar.

Abin da ya fi ci masa rai, ya rasa wanda zai ce ya cuce shi. 'Yan Maraɗin sun koma wajen wani dillali mai mota, sauran baƙin ma suna ta zamewa.

Ranar Litinin ya sa aka kwance ƙofofin motar da kujerunta, ya cike da su gurbin da ya rage a kwantenar da za ta Kano.