Sunan da Ke Jikin Katin Rigakafi

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Lahadi, wadda a nan ranar aiki ce, abin ya fara. Na san lokacin domin agogon ofishin shugabar makarantarmu yana daidai saman kanta, ni kuwa ba na iya kallon idon manya, sai in kalli agogo. Ina ajin ƙarshe na sanawi, wato sakandare, a garin Gadarif. Ana kiran mu ɗaya bayan ɗaya muna miƙa takardar rajistar jarrabawar shahada, wadda da sakamakonta ake shiga jami'a. Na cika tawa da fensir tukuna, sannan na bi da biro. Gurbi ɗaya na bari, na raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa.

"Ina lambar, ya bitti?" in ji shugabar, tana nufin 'yata.

"Baba ya ce zai karɓo."

"Tun bara yake karɓowa?" Ta dube ni ta saman tabarau. "Ku mutanen nan, kullum sai ranar ƙarshe. Sati uku na ba ki. In babu lamba, babu kujera a ɗakin jarrabawa."

Ita na fara zargi. Wannan "ku mutanen nan" na sha jin sa, duk da a nan aka haife ni, kuma kakanmu tun yana saurayi ya yada zango a nan kan hanyarsa ta Makka, ya kama noman riɗi, bai ƙara gaba ba. Amma da na tambayi 'yan ajinmu Hausawa su biyar, sai na tarar duk suna da lambarsu. Ni kaɗai ce ba ni da ita.

Baba yana aikin awo a kasuwar amfanin gona. Ranar Litinin ya ce mini na'urar ofishin rajista ta lalace. Ranar Laraba ya ce jami'in ya yi tafiya. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta kalmomin da ban gane ba, sai na juya bayansa na fara rubuta abin da kowa ya faɗa da ranar da ya faɗa. A wannan Larabar ce 'yar maƙwabtanmu ta dawo daga ofishin da lambarta a hannu. Na rubuta wannan ma, na ja layi a ƙarƙashi.

Na tambayi Inna, matar Baba, tana tuƙa tuwo. Ta ce, "Ke dai da tambaya kamar alƙali. Miƙo mini mara." Ba ta dube ni ba. Inna kuwa ko gishiri za ta aike ka saye sai ta kafe ka da ido.

Na shiga tunanin ko Baba ba ya son in tafi jami'a ne, ya rasa yadda zai faɗa. Amma shi ya saya mini littattafan bara, shi yake hana ƙannena hayaniya in ina karatu. Na rubuta wannan a ɗaya gefen shafin. Gefen biyu suka ƙi haɗuwa.

Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardu. Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar. Na tarar da lambobin ƙannena uku, duk an karɓe su rana ɗaya. Na duba kwanan watan, ya faɗo cikin hutun da aka tura ni garin Doka. A can ƙasa akwai katin rigakafina na jarirai, ya yi ja, gefensa ya cinye. Sunana ne a sama. A gurbin uba kuwa wani suna ne da ban taɓa ji ba.

Na san ba Baba ya haife ni ba, kamar yadda kowa ya sani, ba a dai faɗa. Yayan mahaifiyata ne. Ni ce 'yar fari, kuma a al'adarmu da an yaye ɗan fari ana ba da shi riƙo. Mahaifiyata tana Doka da mijinta na yanzu. Goggo nake ce mata, kamar sauran 'ya'yan Baba. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take cewa, ko "yarinyar nan". Ranar da aka sa ni makaranta malami ya nemi suna huɗu, sai Baba ya ba da nawa, da nasa, da na ubansa, da na kakansa. A unguwarmu ba wanda zai yi dabam. Mutum ba ya tsayawa gaban yarinya ya ce wa baƙo ba 'yarsa ba ce. Haka sunan ya bi ni duk shekarun makaranta.

Ranar Lahadi na hau raksha, keke mai ƙafa uku, ni kaɗai zuwa ofishin rajista, katin yana cikin littafina. Matar da ke bayan taga ta tambaye ni inda aka haife ni, na faɗa, ta sake tambaya ta wata hanya, kamar tana jiran in canza.

"Sai mahaifinki ya zo da lambarsa ya rantse ke 'yarsa ce," ta ce. "In ba ya nan, ɗan'uwansa na jini ta wajen uba."

Na ce, "In babu ko ɗaya fa?"

Ta ajiye biro, ta dube ni sosai. "Akwai hanyar uwa. Doguwa ce, ban kuma yi miki alkawari ba. Uwar ta zo da kanta, da lambarta, ta faɗa da bakinta."

Bayan la'asar na ajiye katin a kan tabarmar Baba, na koma gefe na durƙusa. Ya daɗe yana kallon sa.

"Har akwatina kika shiga?"

"Na shiga, Baba."

"Sau biyu ina zuwa har bakin tagar nan ina juyowa," ya ce. "Komai nawa naki ne. Amma ba zan ɗora hannu a kan Alƙur'ani in ce ni na haife ki ba."

Ya ce mahaifina daga yamma ya zo yankan riɗi a gonakin yankin Simsim, ba shi da takarda ko ɗaya. Mutumin kirki ne, mai yawan shiru. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin a yaye ni, ba wanda ya san danginsa.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da wane baki?"

Saura kwana goma sha uku na hau bas zuwa Doka. Duk hanya ina jera maganar a raina, ina kuma zargin Goggo: ta sani, ita ma ta yi shiru, za ta ce in koma wurin ubana na Gadarif. Na same ta a tsakar gida tana bakace riɗi. Ta ce, "Ke, lafiya da rana tsaka? Ko Gadarif ɗin ta ƙone?"

Na zauna nesa da ita kamar kullum. Na faɗa mata komai a jere, shugabar, akwatin, matar taga. Ba ta daina bakacen ba. Daga ƙarshe na ce, "Goggo, sai kin je kin faɗa musu da bakinki. Za ki iya?"

Ta ajiye faifan. Ta kakkaɓe zaninta, ta kalli bango, ba ni ba.

"Lambata tana ƙarƙashin katifa," ta ce. "Gobe mu bi bas ɗin farko. In sun tambaya zan ce ni na haife ki, zan faɗi sunan naki ma. Amma ke ki tsaya a waje, kada ki ji."