Bankwanan da Muka Yi wa Kawu Kafin Lokaci

Shekarun baya, ina budurwa mai yawan mafarki, kawuna yana da wani ɗan ƙaramin gidan rediyo a Jega. Da ribar albasa ya gina shi, kuma muryar tashar ba ta wuce Aliero da Maiyama da ƙauyukan kewaye ba. Shi ke faɗin farashin kasuwa da safe, ni kuma ina karanta wa matan gida labaran soyayya bayan la'asar. Littattafan nan sun shiga jinina ƙwarai. Ko tuwo ne ya ƙone, sai in ga kamar wani babi aka buɗe.

Da hawan jini ya matsa wa Kawu, likita ya ce lallai ya huta, sai ya daidaita da wani ɗan kasuwa daga birni zai sayar masa da tashar. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne raɗe-raɗin cewa mutumin zai kwashe na'urorin ya kai birni, inda talla ta fi yawa, manoman Kimba da Dangamaji su wayi gari rediyonsu na shuu.

Ni kuwa bankwana ne ya dame ni. Na shirya masa shiri na musamman, na tsara jawabi irin na littafi, har da "ya kai fitilar zukatanmu". Ina karantawa kai tsaye ina kuka. Masu sauraro suka yi ta bugo waya, malamin makarantar allon unguwarmu ya zo ya yi addu'a, wata tsohuwa daga Giwa Tazo ta aiko da zakara. Kawu yana gefe yana ta gyara hula. Da aka kashe makirfo ya ce, "Ke ɗiyag ga, mutuwa niy yi ko rediyo nis saida?"

Ba a daɗe ba lauyan mai sayen ya zo da bayanin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu. Ashe lasisin rediyo ba buhun albasa ba ne da za a ɗora wa wani a mota. Sai hukumar da ke ba da lasisi ta bincika ta amince, kuma kafin nan duk kalmar da ta fita a iska tana wuyan wanda sunansa ke kan lasisin. Wato Kawu bai tafi ko'ina ba.

Washegari ya zauna a kujerarsa ya yi gyaran murya. "Assalamu alaikum. Ni ne dai, wanda kunka yi wa kuka."

Wani ya bugo daga Maiyama yana dariya. "Alhaji, to a maido wa tsohuwa zakaranta mana!"

"Zakara ya riga ya shiga miya," in ji Kawu. "Ta yi haƙuri, ta samu lada."

Ni ce na sha kunya. In na ratsa kasuwa sai 'yan rumfa su ce, "Malama, ashe an ƙara wa fitilar kananzir?"

Da aka ce hukuma za ta turo jami'i, na riga na zana shi a zuciyata: dogon saurayi mai farar mota, zai tsaya ya ceci tasharmu daga mugun attajiri, wataƙila ma idonmu ya haɗu. Sai ga wata mata sa'ar mahaifiyata, da tabarau da takalmin roba. Ta duba turken eriya, ta yi tambaya a kan janareta, ta saurari tsofaffin shirye-shirye. Sannan ta ce wa Kawu, "Su wa ke jin ku?" Ya ɗauke ta sai kasuwar Aliero, ni ma na bi su.

Wani manomi ya sauke rediyonsa daga kan buhu ya ce, "Hajiya, in tashag ga ta tashi, dillali shi ka faɗa muna farashi. Ke kuwa kin san dillali." Dillalin da ke kusa ya ce, "Ina jin ka fa!" Aka fashe da dariya, har ita.

Sai da damina ta wuce amincewar ta zo, da sharuɗɗa a jikinta. Ba za a ɗauke tashar daga yankin da aka ba ta lasisi ba, shirye-shiryen manoma da na Hausa za su ci gaba, kuma ba za a sake sayar da ita ba sai an koma wa hukuma. Mugun attajirin nawa kuwa wani gajeren dattijo ne mai cin goro. Ya karanta sharuɗɗan, ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Alhaji, ka koya wa wani faɗin farashin nan kafin ka tafi."

Na roƙi Kawu a sake shirya masa bankwana, ya ce, "Kul!" Ranar ƙarshe ya faɗi farashin gero da albasa, ya ce a sauka lafiya, ya hau babur ya nufi fadamarsa.

Tun daga nan na rage raina abubuwan da ba su da daɗin karantawa. Da ni aka ba wa labarin, da na cika shi da hawaye da jarumi, tashar kuma ta tafi birni. Sharuɗɗan nan busassu su suka tsare mana ita.

Yanzu aure ya kai ni wani gari, amma in na zo gida da safe nake kunna tashar. Wani lokaci, bayan mai shiri ya gama karanto farashi, sai waya ta shigo, in ji muryar da na sani tana cewa, "Yaro, wanga farashi na jiya ne. Aika a dubo maka Aliero."