Albarkar da Ta Kusa Cinye Mini Suna a Mutum Biyu

Malam Edita, a shekarun da aka yanka mana jiha aka ce Jalingo ce hedikwata, ni magidanci ne mai sayar da buhuna da ɗinka su a bakin kasuwa. Ina zaune a Sarkin Dawaki, a gidan da kakana ya gina bayan fatauci ya kawo shi daga Zariya. Boko kuwa na taɓa shi, na kai aji huɗu kafin ni da malamin lissafi mu fahimci cewa zamanmu tare ba zai yiwu ba. Amma a layinmu ni ne Bature. Duk takardar asibiti ni ake kawo wa, in na kasa karantawa sai in ɗaure fuska in ce likitan ne bai iya rubutu ba.

A lokacin naira ta faɗi warwas, kayan gonarmu suka zama araha ga mutanen waje, baƙi suka fara shigowa. Cikinsu akwai wani Ba'indiye siriri mai sayen riɗi, wai ana loda shi a jirgin ruwa zuwa ƙasashen da ke matse mansa. Ya zo rumfata neman buhuna, na gaishe shi da Turanci, ya amsa, na ƙara masa wata gaisuwar, shi ke nan ya ɗauke ni tafinta. Bai san gaisuwar ce rabin jarina ba. Washegari na soke biro biyu a aljihun gaba, na shiga gaban a-kori-kurarsa, ina ɗaga wa maƙwabta hannu kamar sabon kwamishina.

Muka je Mutum Biyu ranar kasuwa. Manoman riɗi na can, Jukunawa da Mumuye da Fulani, sun wakilta wani jauro, wato mai unguwa, dattijon Bafulatani mai magana a hankali, ya yi ciniki a madadinsu. Ba'indiye ya duba riɗi, ya tauna, ya taya. Jauro ya ce albarka. To Malam Edita, ko yaron da aka aika sayen gishiri ya san in ka taya aka ce maka albarka, an ƙi ke nan, sai ka ƙara. Ni ma na sani. Amma da na buɗe baki sai na tuna akwai kalmar Turanci ta sa albarka da na taɓa ji a bakin 'yan mishan, kalma mai daɗin faɗa, ga jama'a sun zuba mini ido. Na daddage na gaya wa baƙo cewa jauro ya sa wa farashinsa albarka. A zuciyata ai duk duniya haka ake ciniki. Mutumin ya miƙe da fara'a, ya haɗa tafukansa, ya sunkuya wa jauro. Jauro ya ce mini bai taɓa ganin wanda aka hana wa kaya ya yi godiya haka ba, lallai mutanen ƙasarsu suna da tarbiyya. Na ce ai haka suke. A hanyar dawowa har balangu baƙon ya saya mini, shi da ko nama ba ya ci.

Da kasuwa ta zagayo muka koma, sai na tarar da manyan motoci jere a bakin hanya, baƙon ya ɗauko su haya tun daga kudu. Yana murna yana gaya mini jirgi na jiran kaya a Legas. A nan na gane ɓarnar da na yi. Kafin in haɗa kalmomin da zan warware masa, direbobi sun riga sun gaya wa manoma an ce kaya an sallama. Nan take magana ta zagaye kasuwa cewa ɗan Zariyan nan mai biro biyu ya sayar da riɗin mutane a bayan idonsu ya ci la'ada. Wata tsohuwa da ta san kakana ta tsaya a gabana ta ce ashe haka jinin ya lalace. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Mutanen nan su ke sayen buhunana tun ina saurayi, in suka kira ni maci amana, ban da sauran wurin zama daga nan har Kona.

Jauro ya zaunar da mu a gindin mangwaro, ya ce in faɗi abin da na gaya wa baƙo, kalma da kalma. Na duba, babu mai jin Turanci a wurin sai ni, da na ce baƙon ne ya ƙaga, da an yarda. Sai na ga mutumin tsaye yana share gumi, yana kallona kamar ni kaɗai ya sani a faɗin Najeriya. Na sunkuyar da kai na faɗi yadda aka yi. Can sai jauro ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce wa jama'a su kwantar da hankali, yaron nan ba ɓarawo ba ne, wawa ne kawai, kuma shi a iya saninsa ba a korar mutum daga kasuwa don wauta, da tuni kasuwar ta watse. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Sai na juya ga baƙo, da ragowar Turancina da hannuwa biyu, na fahimtar da shi cewa mu a nan ba ma ce wa mai saye a'a a fuskarsa, kuɗinsa muke sa wa albarka su koma gida tare da shi. Ya ƙura mini ido har na ɗauka zai kira mini 'yan sanda. Daga baya ya ce ba zai iya fushi da yawa ba, don su ma a garinsu in mutum ya kaɗa kai to ya yarda ne, kuma hakan ya sha haɗa shi faɗa da direbansa.

Aka sake ciniki. Samari suka ce a matse shi tunda motocinsa ba za su koma wayam ba, jauro ya hana, ya ce yana son mutumin nan ya dawo baɗi. Baƙo ya ƙara abin da ya fi wanda ya yi niyya, ya ce daga ribarsa zai fita. Da jauro ya ce ya sallama, sai da na fassara ta hanya uku, na kuma kama hannuwansu na haɗa da kaina. Baƙon bai kore ni ba, Allah ya saka masa. Ya yi ta dawowa shekaru, buhunansa duk a wurina yake saya, tsohuwar nan ma ta aiko mini da gyaɗa. Jauro ya riga mu gidan gaskiya, kullum yana cikin addu'ata.

Yanzu baƙi sun ninka na da, daga Sin, daga ko'ina, masu sayen riɗi da katako da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, 'ya'yanmu masu digiri ke tsaya musu a tsakani. Ku yaran nan, na san Turancinku ya fi nawa, har ta hanci kuke yi. Amma abin da na koya shi ne, tafinta ba kalma aka ba shi ya kai ba, nufin mutane aka ba shi, kuma gumin shekarar wani ne ke rataye a harshensa. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba. Ku kuma manoma, in kun ƙi tayi kuka ga baƙo ya tashi yana murna, kada ku yaba tarbiyyarsa tukuna. Ku riƙe rigar tafinta, ku tambaye shi me ya ce.