Mutumin da Mahaɗarsa Ta Tona Masa Asiri

Daga saman tsani, mai gyaran fanka yana hango wani mutum a ɗakin taro: siriri ne mai furfura a gemu, rigarsa ta sha guga, sai goge tafin hannu yake a wando.

Mutumin yana bayanin wata mahaɗa da ya tsara a manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin ofishin. Sunanta ɗaya ne, amma duk wanda ya danna ta, za ta duba ko wane ne, ta kai shi jakar fayilolinsa.

"In ba ta gane mutum ba fa?" in ji shugabar ofishin.

"Ranki ya daɗe, gwada ki gani."

Ta danna, mahaɗar kuwa ba ta gane ta ba, don ba a saka sunanta ba tukuna. Ashe tun lokacin gwaji ya saita ta ta koma jakarsa in ta rasa suna, ya manta bai cire ba. Shugabar ta buɗe bidiyon farko da ta gani a jakar. Sai ga shi a babban allo, daga shi sai singileti, yana bitar wannan jawabin, 'yarsa na cewa, "Baba, ka daina rawar murya."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi sauƙi.

"Laifina ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "A kaina kaɗai na gwada."

Mai gyara ya mai da fuskarsa ga fanka. Wataƙila yanzu yarinyar tana bakin ƙofar gida, tana jira ta tambayi Baba ko muryar ta yi rawa.