'Yar Fari a Bakin Raga

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Wannan kunya mun gaje ta ne daga kakarmu Bafillatana, amma babu wadda ta riƙe ta gam kamar yayata. 'Yarta ta fari ta girma har ta fi ni tsawo, Yaya ba ta taɓa kama sunanta ba. "Waccan" take cewa, ko "'yar gidanki", don ni na goye ta. In yarinyar ta shigo ɗaki, sai Yaya ta tuna da wani aiki a tsakar gida. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma sha faɗa mata, sai ta ce ni dai boko ya lalata ni.

To waccan ɗin ce ta ɗauki ƙwallon gora, wato hoki, tun tana sakandare, a filin makarantarsu mai tsakuwa. Gola ce, ita ke tsare raga. Daga baya wani kulob na mata ya ɗauke ta, kulob ɗin kuma ya samu shiga gasar da ake yi tsakanin kulob-kulob na ƙasashe, can wata ƙasa a Afirka. Ranar da na raka ta tasha ta riƙe bakin gyalena ta ce, "Anti, abu ɗaya nake roƙo. Ki sa ta kalle ni, ko sau ɗaya ne." Na ce ta bar mini. Cika baki kawai na yi, ban san ta inda zan ɓullo wa Yaya ba.

Ranar babban wasansu, bayan la'asar, na hau keke mai ƙafa uku zuwa gidan Yaya a Gwallameji, na haɗa wayata da talabijin ɗin falo. Matan maƙwabta suka cika ɗakin. Yaya kuwa ta ɗauko faranti cike da wake ta zauna a bakin ƙofa, ta ba talabijin baya. Na ce, "Haba Yaya, don girman Allah!" Ta ce wake ba ya tsince kansa.

Hoto ya fito. Ashe filin shuɗi ne, shimfiɗe kamar darduma, ana kuma ta fesa masa ruwa kafin a fara. Wata maƙwabciya ta ce, "Ikon Allah! Mu muna jiran mai ruwa, su suna ban-ruwa wa roba." Da aka busa usur na gane amfanin ruwan. Ƙwallon ƙarama ce, fara, tana sulɓi a kan jiƙaƙƙen filin, ruwa na tashi bayanta, ido ba ya iya bin ta. Matan nan suna gudu a duƙe, sanda manne da ƙwallo, su juya ta nan su juya ta can ba tare da sun kalle ta ba. Ni da na sha zuwa filin makaranta na ɗauka na san wasan nan. Wallahi ban san komai ba.

Ga tamu can a raga, cikin hular kwano da sulken soso tun daga wuya har ƙafa, ba a ganin ko idonta. Aka zabgo wata ƙwallo, mu nan Bauchi muka kauce, ita kuwa ta tare ta da ƙafa, ƙarar ta fito fal a talabijin. Yarinyar da na yi wa wanka a baho! Na waiga, Yaya na nan da bayanta, sai dai hannunta ya tsaya a cikin waken.

Lokaci ya cika babu wanda ya ci, aka koma fito-na-fito: 'yar wasa guda ta taho da ƙwallo, gola ita kaɗai ta tare ta. A zuwa na ƙarshe wata doguwa ta taho da gudu, tamu ta fito ta kwanta a gabanta, suka yi karo. Doguwar ta tashi. Tamu ba ta tashi ba.

Sai na ji faranti ya faɗi, wake ya watsu. Yaya tana tsaye gaban talabijin, ta dafa gilashin da hannu biyu, ta ƙwala sunan 'yarta da wata murya da ban san tana da ita ba. Sau biyu ta kira. Can yarinyar ta yunƙura ta zauna, ta ɗaga sanda. Yaya ta ga duk ita muke kallo, ta rufe baki da mayafi ta shige ɗaki.

Alƙalin wasa ya ce laifin tamu ne, aka sake bugun, aka ci su, suka fita daga gasar. Bayan magariba yarinyar ta kira ni a waya, muryarta a dashe. Ba ta yi zancen wasa ba, cewa ta yi, "Anti, ta kalla?"

Na ce, "Ta kalla, har ta kira sunanki gaban mutane."

Sai ta ce, "Anti, kwaikwaya mini yadda ta faɗe shi."

Na buɗe baki na kasa, don wannan muryar ta Yaya ce ita kaɗai.