Rezar Yaya Bawa da Kwamfutata

Duk wanda ya san Yaya Bawa mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Illela ya san rezar nan da yake sokewa a hularsa. Maganarsa ɗaya ce: "Babu abin da ba ya shiga, sai dai ba a fiƙe shi ba."

In an kawo rediyo daga Ƙonni ta Nijar mai filogin Faransa, sai ya datse kan, ya cusa tsirarar waya a soket, ya tokare da tsinken ashana. Rannan wuta ta yar da shi har bayan benci. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce, "To, kun dai ga ta shiga." Takalmin Sallah ma da ya matse shi, gaban ya yanke, ya tafi Idi yatsu a waje!

Ni ƙanensa kuwa, rezar nan ce ta gama da ni. Can ƙarshen shekarun tamanin na sayar da gonar gadona ta ƙauyen Araba, na sayo tsohuwar kwamfuta daga Kwatano don buga wa 'yan kasuwa takardun kan iyaka. Sati biyu akwatin wutarta ya ƙone. Aka samo wani, mai filogi biyu kamar tagwaye, waɗanda ake jerawa a babban allon ciki. Takardarsa da Faransanci take, na roƙi Yaya mu jira Musa tafinta ya dawo.

"Mi za mu jira? Waya ce fa, ba aljani ba."

Filogan suka ƙi zama. Ya zaro reza, ya fiƙe 'yan haƙoran robar da ke jikinsu, suka shige. Aka ta da janareta. Sai tas! Hayaƙi, sai wari.

Washegari Musa ya karanta mana layi ɗaya: baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Yaya ya juya su ne, haƙoran nan kuwa don hana hakan aka yi su.

Ban ƙara mallakar gona ba. Har na tsufa tafireta nake bugawa a rumfar wani. Na yi fushi, wallahi, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Shi bai taɓa ba ni haƙuri ba, ya dai daina sa reza a hula.

Bayan rasuwarsa matarsa ta miƙo mini wani kwali. Ƙonannen allon ne, filogan a jere daidai, baƙi da baƙi a tsakiya, ɗaure da zare. Ta ce duk Juma'a sai ya gwada kunna shi.

Na yafe, Yaya, na dai makara wajen faɗa maka. Allah Ya jiƙanka, Ya buɗe maka ƙofar Aljanna, ka shige ba sai ka fiƙe komai ba.